Yarinyar da ba ta iya cewa haƙorinta na ciwo

Ɗiyata ta uku shekararta tara, kuma ba ta magana. Ba haka aka haife ta ba. Ta zauna a kan lokaci, ta yi rarrafe, har ta fara cewa "Baba" da "ruwa", tana ɗaukar ƙosai da yatsunta ta kai baki. Tana da shekara ɗaya da ƴan watanni abubuwan suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Kalmomin suka tafi. Hannuwan da ke kama abu suka koma murza juna a gaban ƙirji tun safe har dare, in ba murzawa suke ba to suna cikin baki. Daga baya farfaɗiya ta shigo.

Mun sha yawo kafin mu ji sunan abin. Wani likitan ƙwaƙwalwa ne a Yamai, bayan ya kalli hannuwanta, ya auna kanta, ya sa na ba shi labarinta tun daga haihuwa, ya ce mana ciwon Rett ne. Sunan wani likitan yara ne na ƙasar Ostiriya, Andreas Rett, wanda ya fara bayyana ciwon a 1966. Kusan ɗiya mata kaɗai yake kamawa, wajen ɗaya cikin 10,000. A 1999 masu bincike a Amurka, ƙarƙashin wata likita haifaffiyar Labanan mai suna Huda Zoghbi, suka gano cewa tangarɗa ce a ƙwayar halitta guda da ake kira MECP2. Abin da ya fi sanyaya mini rai a ranar shi ne da likitan ya ce kusan kullum ba gadonsa ake yi ba, haka kawai yake faruwa. Ba laifin uwa ba ne, ba na uba ba, ba auren zumunci ba ne, ba kuma wani abu da na ci ina da ciki ba. Na roƙi Malam, maigidana, ya maimaita wannan magana a gaban danginsa, ya kuwa maimaita, Allah ya saka masa.

Ƙwaƙwalwar ba ta hannunmu. A 2023 Amurka ta amince da magani na farko da aka yi musamman don wannan ciwo, yana rage wasu alamomi, ba ya warkarwa, kuɗinsa kuma ba na irinmu ba ne. Amma bakinta yana hannunmu, safe da dare, kuma a kansa nake son yin magana da iyayen da ke da yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa, ko Rett ce, ko wadda sanƙarau ya bari, ko wadda wahalar haihuwa ta jawo. Da zarar yaro ya samu babban ciwo mai suna, duk wani kuka da zai yi a kan wannan ciwon ake rataya shi. Ba mai ƙara tambayar ko kunne ne, ko ciki ne, ko haƙori.

Tana shekara bakwai, lokacin sanyi, ta shiga wani irin kuka da ban san ta da shi ba. Dare ya raba sai ta farka da ihu, tana dukan kuncinta da bayan hannu, tana gantsarewa. Kunun gyaɗar da take so ta daina karɓa, in na kai cokali sai ta kau da kai. Farfaɗiyar da magani ya riƙe sai ga ta tana dawowa a kai a kai. Surukata ta ce mutanen ɓoye ne suka motsa, aka kawo hayaƙi, aka kawo rubutu. A wani asibiti da muka kai ta ba a ko taɓa jikinta ba. Da aka ji sunan ciwonta aka ce ai dama haka masu irinsa suke, aka ƙara mata yawan maganin farfaɗiya. Sai ta koma barci da rana, kuka da dare.

Wani tsohon majo, wato babban ma'aikacin jinya, maƙwabcinmu a nan unguwar Zariya ta Maraɗi, wanda ya daɗe da yin ritaya, ya shigo gaida Malam, ya ji kukan. Ya ce, "Maman yara, an duba bakinta kuwa?" Na ce, "Baba, ba wanda ya duba." Ya sa aka kawo tocila, na riƙe kanta, ya ja kuncin da yatsa daga gefe ya haska. Can baya, a ƙasa ta hagu, turmi, babban haƙorin tauna, ya yi baƙin kogo, dasashin gefensa ya kumbura ya tara mugunya. Ya ce, "Wannan ko ƙato ne ba zai yi barci ba." Ya kuma gaya mana cewa zafi da zazzaɓi da rashin barci, duka ukun suna tayar da farfaɗiya. Ke nan haƙori guda ne ya jawo duk abin da ake ta ƙara wa magani.

Wannan turmin yana da labari, kuma ko mai lafiyayyen yaro ya kamata ta san shi. Haƙoran yarinta ashirin ne, na girma talatin da biyu. Wajen shekara shida turame huɗu na girma suke fitowa can bayan na yarinta, biyu sama biyu ƙasa, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yake ba a ga famfara ba, iyaye sai su ɗauka na yarinta ne, ko ya lalace wani zai fito. Ba wanda zai fito. Kuma su ne suka fi saurin yin kogo, don samansu akwai ƴan ramuka da abinci ke maƙalewa, ga su can inda buroshi ba ya kai wa sai da niyya.

Bayan wannan na zauna na yi nazarin abin da ke shiga bakinta a yini. Maganin farfaɗiyarta na ruwa ne, siro, don ba ta iya haɗiye ƙwaya, kuma yawancin siron yara sukari ake zuba masa don ya shawu. Safe da dare, shekara da shekaru, na daren kuma a kansa take barci. Abincinta duk mai laushi ne: kunu, koko, fura da aka dama sosai, tuwo da aka cuɗa da miya. In ba a ɗan sa sukari ba ba ta karɓa, mu kuma tsoron rama muke ji, don yaran Rett ba sa riƙe jiki. Akwai lokacin da aka sa ta cikin masu karɓar ƙullin gyaɗar nan na tamowa, ya taimake ta ƙwarai, amma zaƙi gare shi ga danƙo. Ni da ku in mun ci abu, harshe yana bi yana share lungunan baki ba tare da mun sani ba. Nata harshen ba ya wannan aiki. Sai in tarar da loma a ɓoye a kuncinta tun ta rana har magariba. Ƙwayoyin cutar da ke zaune a baki su ci sukarin, su fitar da tsami, tsamin ya narkar da ɓawon haƙori a hankali. Wannan shi ne kogo. Babu wata tsutsa a ciki, duk da masu hayaƙi a kasuwa da ke nuna wa mutane tsutsa a cikin ruwa.

Sai cizon haƙora. Yawancin mutane cikin barci suke yi, yaran Rett kuwa ido biyu suke yi. Daga tsakar gida ina jin nata, kamar ana niƙa tsakuwa. Haƙoranta na gaba sun gajarce saboda shi. Likitan haƙori ya ce mini akwai robar da ake sa wa manya a baki, amma ga yarinyar da ba za ta iya cire ta da kanta ba, ga farfaɗiya, haɗarinta ya fi amfaninta. Ya ce abin yakan ragu in suna girma, kuma na fara ganin haka. Dalalar miyau ma ba yawan miyau ba ne, rashin haɗiyewa ne. Akwai magungunan da ke rage ta, sai dai suna busar da baki, busasshen baki kuma shi ya fi saurin yin kogo, don miyau ne ke wanke tsamin. Ni na zaɓi tsumma mai tsabta a wuya, da man kaɗe a haɓa da leɓe, musamman cikin hunturu da take kwana baki buɗe.

Magungunan farfaɗiya su ma suna da hannu. Fenitoyin yana sa dasashi ya yi kauri har ya hau kan haƙora, kuma kusan rabin masu shan sa na dogon lokaci suna samun haka, ya fi tsanani in ba a wanke bakin. Depakine, wanda ɗiyata ke sha, yakan rage ƙwayoyin da ke tsayar da jini, saboda haka kafin a cire haƙori sai an auna jini. Ina roƙon ku, kada wannan ya sa wani ya dakatar da magani da kansa. Tsayar da maganin farfaɗiya farat ɗaya yana iya jawo jijjigar da ba ta tsayawa. A gaya wa likita, shi ya san abin da zai canza.

Yanzu ga yadda muke yi a gidanmu, kuma wannan shi ne sashen da na fi so ku karanta a tsanake.

Bayan isha'i take shan magani. Da farko magani, sannan ruwa ƴan kurɓi, sannan wankin baki, daga nan ba abin da zai ƙara shiga sai ruwa. Na dare ya fi na safe muhimmanci, don miyau yana raguwa cikin barci. Ina zama a tabarma in jingina da bango, ita ta zauna tsakanin ƙafafuna, bayanta a ƙirjina, kanta a kan damtsena ya ɗan karkata. Ba na kwantar da ita rigingine, don tana ƙwarewa, abin da ya bi ta hanyar iska kuma huhu yake sauka. Yayarta ta zauna a gabanmu ta riƙe mata hannuwa, ba danniya ba, riƙo mai taushi. Muna da buroshi biyu, ja da kore, ƙanana masu laushi irin na yara. Ina ɗaga su a gabanta in ce, "Auta, wanne yau?" Sai ta kafe ɗaya da ido. Yaran Rett da ido suke magana, kuma tun da na fara ba ta wannan zaɓi faɗan ya ragu sosai. Tana fahimtar abin da ake faɗi fiye da yadda baƙi ke zato. Shi ya sa nake gaya mata kowane abu kafin in yi: yanzu sama, yanzu ƙasa, saura kaɗan.

Ba na sa yatsa tsakanin turamenta. Ba mugunta take yi ba, muƙamuƙin ne ke rufewa da kansa, kuma da ƙarfi. Likitan haƙori ya koya mini in haɗa ƴan katakon nan da ake danne harshe da su a asibiti, guda huɗu ko biyar, in naɗe su da bandeji in ɗaure da filasta. Sai in sa a gefe guda ta ciza, in wanke ɗaya gefen, sannan in juya. A farmasi ake samun katakon, ba su da tsada, in bandejin ya yi datti a sake. Buroshin kuma ba a kan haƙori kawai ake goga shi ba, inda haƙori ya haɗu da dasashi nan ne dattin yake taruwa, a bi shi a hankali ana ɗan juyawa. Ina farawa daga can baya, don in ta gaji ta ƙi, to wurin da ya fi buƙata ya samu. Minti biyu ake so. Wata rana muna samu a zama ɗaya, wata rana sai mun huta a tsakani. Ran da ta yi jijjiga ta galabaita, bandeji nake naɗewa a yatsa in jiƙa in share gefen kunci da gaban haƙora, in bar sauran sai gobe.

Da muka fara, dasashinta jini yake yi da an taɓa. Surukata ta ce, "Ke ɗiyar nan, ki bar ta haka, kina ji mata ciwo." Na ce, "Inna, ku yi haƙuri ku ba ni sati biyu." Dasashin da ke jini dattin da ya kwanta a gindinsa ne ya kumbura shi, in an daina wankewa ƙaruwa yake yi. Kafin wa'adin ya cika jinin ya ɗauke, warin bakin ma ya tafi. Yau in na yi tafiya Inna ce ke riƙe buroshin, kuma ta fi ni haƙuri da ita.

Ita ce ma ta tambaye ni me ya sa ba za a yi mata da asuwaki ba, tunda sunna ne. Gaskiya ne, Malam ba ya rabuwa da shi, yayyenta ma suna yi da reshen bedi, kuma yana wanke baki sosai ga wanda ya iya. Amma asuwaki yana sakin zare, mai lafiya ya tofar, ita kuwa ba ta iya tofarwa.

Rashin tofarwar nan shi ya kawo mu kan man goge baki, kuma a Maraɗi wannan magana tana da nauyi. Duk wanda ya girma a nan ya san abin da ya faru a Tibiri, nan kusa da mu. Daga tsakiyar shekarun 1980 har zuwa wajen 2000 mutanen garin suna shan ruwan wata rijiya mai zurfi wadda sinadarin fulor ya yi wa yawa, ya ninka iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa, wato miligiram 1.5 a lita, sau uku ko fiye. Haƙoran yara suka yi ja, ɗaruruwa ƙasusuwansu suka lanƙwashe. Na yi lakwal da wasu daga cikinsu. Saboda haka da likita ya ce mini in nemi man da ke da fulor, sai da gabana ya faɗi. Na ce, "Likita, ba shi ne na Tibiri ba?" Ya ce shi ne, amma a duba bambancin. Can yara sha suka yi, lita bayan lita, kowace rana, shekaru, lokacin da ƙashinsu ke ginuwa. Nan kuwa ɗan shafe ne a kan haƙori, yana ƙarfafa ɓawon, har ya gyara inda tsami ya fara ci. Ga yaron da ba ya tofarwa, gwargwadon ƙwayar shinkafa guda ya isa, bayan an gama a share kumfar da bandeji, kada a wanke da ruwa don abin da ya rage ya yi aikinsa. A jikin kwalin a duba adadin, daga 1000 zuwa 1500 ppm ake so. A kuma ajiye shi inda yara ba sa kai wa, don ƙanana suna shanye shi saboda zaƙi.

Na yarda da wannan bayani, kuma na ga amfaninsa. Amma ba na ganin laifin uwar da ta ji tsoro. Wanda yake son mutanen yankin nan su karɓi fulor dole ya fara da Tibiri, ya yi bayani da girmamawa. Wanda kuma yake zaune inda haƙoran yaran unguwa duk sun yi ja ko dabbare-dabbare, ya gaya wa likita irin ruwan da suke sha kafin a ƙara wa yaro wani abu.

Akwai wata al'ada da nake so mu bari gaba ɗaya: cusa cokali a bakin mai jijjiga. Na ga yaro a layin asibiti da haƙoran gaba biyu a karye, ba farfaɗiyar ce ta karya su ba, cokalin ne. Mutum ba ya haɗiye harshensa. Abin yi shi ne a kwantar da shi a gefe, a sa abu mai laushi ƙarƙashin kansa, a kawar da wuta da duk abin da zai ji masa ciwo, kada a ɗura masa ruwa ko rubutu ko manja sai ya farfaɗo sarai. In ta wuce minti biyar ba ta tsaya ba, a nufi asibiti. Idan kuma faɗuwa ta fitar da haƙorin girma ɗungurungum, a ɗauke shi ta kai, ba ta saiwa ba, a sa a cikin madara, a kai wa likitan haƙori cikin awa guda, sau da yawa ana iya mayar da shi. Na yarinta ba a mayarwa.

Maganar zuwa wurin likitan haƙori kuwa, ba zan ɓoye muku ba, da wuya. Su kaɗan ne a ƙasar nan, akasarinsu kuma suna Yamai, sama da kilomita 600 daga nan. Waɗanda ke Maraɗi layi ya yi musu yawa. Wani wuri da muka fara zuwa, da aka ga tana murza hannu tana dalala, aka ce ba za a iya da ita ba, ko kujera ba ta hau ba. Na fito ina hawaye. Kyautar magani da gwamnati ta sa wa yara tun 2006 a shekara biyar take tsayawa, lalurar ɗiyata kuwa ba ta tsaya a nan ba, komai daga aljihu ne. Masu hali suna tsallakawa Katsina ko Kano. Mu dai Allah ya haɗa mu da wani likita mai haƙuri a nan garin, wanda ya ce mu riƙa zuwa da sassafe kafin jama'a, ya bar ta ta zauna a cinyata, zuwan farko ma bai yi komai ba sai gaisawa da ita da nuna mata madubinsa.

Turmin nan da ya ruɓe sai da aka sa ta barci aka cire shi, kuma ba ƙaramin abu ba ne. Yaran Rett numfashinsu ba daidai yake ba, suna riƙe shi, suna sakinsa da sauri, wasu kuma bugun zuciyarsu yana da tangarɗar da ba a gani sai an auna. Saboda haka kafin allurar barci aka auna zuciya, aka auna jini, likitan da ke sa barci ya karɓi sunan duk maganin da take sha, ya gaya mana lokacin da za a daina ba ta abinci da yadda za a ba ta maganin farfaɗiya a ranar. Tunda an riga an sa ta barci, aka duba sauran haƙoran duka, aka cike biyu, aka toshe ramukan sauran turamen don kada su yi kogo. Jikkunan da suka tafi ba kaɗan ba ne. Amma cikin ƴan kwanaki barcinta ya dawo, ta karɓi kunu, daga baya likitanta ya mayar da maganin farfaɗiyar yadda yake a da. Ba na fatan in ƙara tsayawa a bakin ƙofar ɗakin nan, shi ya sa ba na wasa da buroshin dare.

Da an ga kogon tun yana ƙarami, da ba a kai ga haka ba. Akwai hanyar ciko da aka fara a Tanzaniya cikin shekarun 1980, saboda wuraren da ba lantarki: da ɗan ƙarfen hannu ake kwashe ruɓaɓɓen wurin, a cike da wani farin ƙulli da ke kama haƙori yana sakin fulor a hankali. Ba injin, ba ƙara, sau da yawa ba allura. Akwai kuma wani ruwa mai haɗin azurfa da fulor, ɗigo guda ake shafawa a kogon ya tsayar da ruɓar. Aibinsa wurin yakan yi baƙi har abada. Ni uwa ce, na fi son baƙin tabo a turmin da ba mai gani a kan allurar barci. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ƙullin cikon nan, da ruwan azurfar, da man goge baki mai fulor, cikin jerin magungunan da ya kamata kowace ƙasa ta tanada. Ku tambayi likitanku ko yana da su. In masu tambaya suka yi yawa, masu kawo kaya za su kawo.

Sau ɗaya a sati, ranar Juma'a da hantsi, nakan fito da ita tsakar gida inda haske yake, in ɗaga leɓen sama, in ja kunci, in duba ko'ina. Fari-farin tabo mai kama da alli a gindin haƙori shi ne farkon kogo, a wannan matakin ana iya tare shi. Sauran alamomin da na koya daga gare ta: tauna a gefe guda, ƙin abu mai sanyi ko mai zafi, dalala ta ƙaru, hannu ya yawaita zuwa wuri ɗaya a fuska, farkawa cikin dare, warin baki. In kunci ya kumbura ga zazzaɓi, ko kumburin ya doshi ido ko ƙarƙashin haɓa, ko haɗiya ta gagara, wannan ba na jira ba ne, ko tsakar dare ne a tafi. Kada a ɗora asfirin a kan dasashi, ƙona shi yake yi. Kada a sayi kafso wurin mai tebur a fasa a barbaɗa. Kanumfari yana ɗan kwantar da zafi ga babba, amma ba ya rufe kogo, yaron da ke ƙwarewa kuma bai kamata a bar masa abu a baki ba.

Mu da ke wannan yanki muna da ƙarin dalilin kula, wato cutar noma mai cinye baki da fuska. Daga gyambon dasashi take farawa, ga yaro ƙarami mai tamowa wanda bakinsa ba ya samun wanki, sau da yawa bayan ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro, cikin ƴan kwanaki ta huda kunci. A Damagaram akwai cibiyar da ke kula da masu ita, a Sakkwato akwai asibiti sukutum dominta tun 1999, kuma a ƙarshen 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ta cikin cututtukan da aka yi wa sakaci. In an kama ta tun tana dasashi, maganin kashe ƙwayoyin cuta da wankin baki da abinci suna tsayar da ita. Yaro mai lalurar ƙwaƙwalwa da ba ya cin kirki, ba ya iya kuka da bakinsa a gane, yana cikin waɗanda ya kamata a fi sa wa ido.

Ga ma'aikatan asibitocin unguwa da ɗaliban likitanci na jami'ar Dan Dicko Dankoulodo, ina da roƙo. In an kawo muku yaron da ba ya magana, uwarsa ta ce ya canza, ku yarda da ita, ita ke kwana da shi. Kafin ku ƙara maganin farfaɗiya ko na barci, ku ɗauki tocila da katakon danne harshe ku duba can baya, sama da ƙasa. In akwai irin maganin da ba sukari, ko ƙwayar da za a iya niƙawa, ku rubuta shi. Ku kuma nuna wa uwar yadda za ta riƙe kan yaron, da hannunku, a gabanku, don faɗa da baki ba ya isa.

Mu ƴan uwaye kaɗan da muka san juna a layin karɓar magani mun fara haɗuwa a gidan ɗaya daga cikinmu a Ali Ɗan Sofo. Kowa ta zo da ɗanta da buroshinsa, mu naɗe katako tare, wadda ta iya ta nuna wa sabuwa. Akwai wadda ɗanta shekararsa goma sha ɗaya ba a taɓa wanke masa baki ba, don an ce mata zai cije ta. A zama na gaba tsohon majo ya yi alkawarin zuwa da tocilarsa ya duba yaran duka, wanda ya ga kogo ya rubuta masa takarda zuwa wurin likitan haƙori.